Babban Fim na Turai, na Asibiti ko Takarda: Wanne Ya Dace da Kyamarar Hudar Allura?

Wanda ya haɗa akwatinsa na katako, ya shafe cikinsa da baƙin fenti, ya huda guntun gwangwanin lemo da tsinin allura ya liƙa a gaba, gani yake ya ci rabin aiki. To, kyamarar ce mafi araha a duk harkar. Abin da ke cin kuɗi, yake kuma cin rai, shi ne fallen da za a sa a bayanta. Babban fim ba ya zuwa a naɗe irin na ƙananan kyamarori mai hoto 36. Falle-falle ne, inci 4 da 5, ko 5 da 7, ko 8 da 10, kowane falle hoto guda. Ka ɓata ɗaya, ka ji a aljihunka.

Kafin a kai ga sunayen kamfanoni, akwai abin da ya kamata mutum ya cire daga ransa. Hudar allura ba ta fitar da hoto mai kaifi, ko da fim ɗin zinariya aka sa mata. Haske yana ratsa ƙaramar kafa ne ya ɗan bazu, shi ya sa hoton ke fitowa da taushi kamar ana kallon abu da sassafe lokacin hunturu. Don haka kuɗin da masu kyamarar gilashi ke kashewa a kan fim mai laushin tsaki (ƙananan ƙwayoyin da ke haɗa hoto a jikin fim), a nan kusan asara ne. Falle mai inci 4 da 5 ya isa ya ɓoye tsakin kowane fim. Abin dubawa guda ne: yadda fim yake jure dogon jira.

Ɗauki kyamarar Harman Titan ta inci 4 da 5 a matsayin ma'auni. Tsakanin hudarta da fim milimita 72 ne, faɗin hudar milimita 0.35, wato f/206 a ma'aunin ƙofar haske, inda girman lamba ke nufin ƙarancin hasken da ke shiga. Hasken da ke shiga ta nan bai kai kashi ɗaya cikin 160 na wanda ke shiga kyamarar gilashi a f/16 ba. Akwatin da ka haɗa a gida ma ba zai yi nisa da wannan ba. Ke nan hoton da wani zai ɗauka cikin ƙiftawar ido, kai sai ka ƙirga sakanni, wani lokaci mintuna.

A nan ne fim ke nuna halinsa. Idan haske ya yi rauni, jira ya wuce sakan ɗaya, sai fim ya fara abin da ni nake kira kasala. Ma'aunin haske ya ce sakan 10, amma in ka ba shi 10 ɗin sai dodon hoton, wato fim ɗin da aka wanke mai juyayyen baƙi da fari, ya fito fayau ba komai a inuwa. Dole ka ƙara masa, kuma kowane fim da girman tasa kasalar. Kamfanonin sun buga lissafinsu a takardun bayanai. Fomapan 100, wanda ake yi a garin Hradec Králové na ƙasar Cek, shi ne sarkin kasala: sakan 1 ya koma 2, sakan 10 ya koma 80, sakan 100 ya koma 1,600. Tri-X na Kodak bai fi shi da yawa ba, 10 ya koma 50, 100 ya koma 1,200. T-Max 100, shi ma na Kodak, yana can ɗaya gefen: 10 ya koma 15, 100 ya koma 200. Na Ilford, da ake yi a Mobberley ta Ingila, suna tsakiya. FP4 Plus yakan mai da 10 kamar 18, HP5 Plus ya mai da shi kamar 20.

Waɗannan alƙaluma ba sa shiga kai sai an kai su wani wuri. A ce kana cikin zaure da hantsi, haske na shigowa ta ƙofa kaɗai, ma'auni ya ba ka sakan 100 a kan fim mai saurin 100 (lambar da ke nuna saurin kama haskensa). Da Fomapan za ka zauna kusan minti 27, kana roƙon kada yaro ya shigo da gudu ya ture kyamarar, inuwar ƙofa ma ta riga ta gusa kafin ka rufe. Da T-Max minti uku da 'yan kai. FP4, mai saurin 125, kamar minti huɗu. HP5 kuwa, da yake saurinsa 400 ne, tun farko sakan 25 ma'auni zai ba shi, da ƙarin kasala ya tashi minti ɗaya da 'yan sakanni. Wuri ɗaya, haske ɗaya, wani minti 27 wani minti guda.

Sai dai fito da kyamarar tsakar gida da azahar, labarin ya juye. A rana tsaka, FP4 a f/206 bai wuce sakan ɗaya da rabi ba. HP5 bai kai rabin sakan ba, kuma ba hannun da zai iya cire murfi ya mayar daidai cikin rabin sakan ba tare da ya girgiza akwatin ba. A irin ranarmu, saurin HP5 matsala ne. Fomapan da muka gama zagi yanzu shi ne mai sauƙin kai, don sakan uku zuwa huɗu yake so, lokacin da mutum zai iya ƙirgawa a natse. Kasalarsa ta zama alheri.

Saboda haka ni ga yadda nake yanke hukunci. Mai ɗaukar ganuwa, duwatsu, gona, bakin kogi, duk abin da ke fili a rana, ya sayi Fomapan 100 ya huta, shi ne mafi araha cikin na Turai. Ya dai yi hattara wajen wanki, don maganin da ke fuskarsa yana da taushi in ya jiƙa, farce kaɗan ya ishe shi. Mai son rumfar kasuwa, cikin soro, almuru, HP5 ne nasa. Wanda kuma kuɗin kwali ɗaya kawai gare shi, yana so ya shiga rana ya shiga inuwa da shi, FP4 zan ce masa ba tare da dogon tunani ba. T-Max 100 fim ne na ƙwarai, amma tsadarsa ta fi abin da hudar allura za ta iya nunawa, sai in aikinka duk na dogon jira ne. Akwai wanda masu wannan sana'a har yau suke kewarsa, Acros na Fujifilm, da ba ya buƙatar ƙari ko kaɗan har sakan 120. An daina yin sa a 2018, wanda ya gaje shi a 2019 kuma a naɗe kawai yake zuwa, babu falle. Duk kwalin da ka gani ana tallarsa yanzu tsoho ne, ka saye shi da hukuncin tsohon kaya.

Fim mai launi ba zan daɗe a kansa ba. Ektar da Portra suna zuwa a falle, suna da kyau, amma sun fi na baƙi da fari tsada, sun fi su tsoron zafi, launinsu na karkata in jira ya yi tsawo, wankinsu kuma yana son ruwa a kusan digiri 38 ba daɗi ba ragi. Ba da shi ake koyo ba.

Da me ake koyo? Da takardar wanke hoto. Tsofaffin masu hoton fasfo da ke zama bakin kasuwa da akwati mai ƙafa uku, suna zura hannu ta baƙin hannun riga, da takarda suke yin dodon hotonsu, ba fim ba. Saurin takarda bai wuce 3 zuwa 6 ba, don haka a rana tsaka rabin minti zuwa minti guda take so. Ana yanka ta, ana ɗura ta, ana wanke ta a ƙarƙashin jar fitila, kana kallon hoton yana fitowa a cikin tire, wanda da fim na sosai sai dai a yi a baƙin duhu da lalube. Aibinta, ba ta san tsaka-tsaki ba: fari ya yi fat, baƙi ya yi ƙirin. Tacen gilashi rawaya a gaban huda yana rage wannan in takardar irin Multigrade ce, wadda launin haske ke sauya tsaurin baƙi da farinta. Kamfanin Harman na da wata mai suna Direct Positive da ke ba da hoto kai tsaye ba dodo, guda ɗaya tilo kamar zanen hannu, sai dai dama na komawa hagu, kuma ta fi kowace takarda tsaurin kai wajen auna haske.

Sai wanda ya fi kusa da mu, fim ɗin hoton ƙashi na asibiti. Shi kaɗai ne babban fim da mutum zai iya nema wurin masu sayar da kayan asibiti ba tare da ya jira saƙo daga waje ba. Kwali yakan zo da falle 100, kuma falle mai inci 8 da 10 in an raba shi huɗu ya ba da na inci 4 da 5. Kwali ɗaya ke nan hoto 400. A tuna dai gidan fim (abin da ake zura falle a ciki a sa a bayan kyamara) na inci 4 da 5 ya ɗan gaza sunansa, sai an rage kamar milimita biyu a kowane gefe kafin falle ya shige. Shi ma jar fitila ba ta dame shi ba in ba ta yi ƙarfi ba, don haka yankan ba wuya. Saurinsa a hasken rana yawanci tsakanin 50 da 100 masu amfani da shi ke sa shi.

Amma araha ba ta ado. Gaba da bayansa duk shafe suke da magani, ba kamar fim na hoto mai fuska ɗaya ba, saboda haka duk gefen da ya kwanta a gindin tire zai iya karcewa. Sanya farantin gilashi mai santsi a gindin tiren, ka wanke falle ɗai-ɗai, ka tsinka ruwan wankin sosai, misali Rodinal kashi 1 cikin ruwa 100, don in ba haka ba baƙinsa da farinsa su yi tsauri. Iri biyu ne, mai ganin shuɗi kaɗai da mai ganin shuɗi da kore. Ɗauki mai kore. Kuma ga babban tarko: asibitoci da yawa sun koma na'urar kwamfuta mai buga hoton ƙashi a kan busasshen fim, wanda zafi ko hasken leza ke rubuta wa. Wannan ba shi da amfani a kyamara ko kaɗan, ga shi kwalinsa ya yi kama da na gaske. Ka faɗa wa mai shago a fili cewa wanda ake wankewa da ruwan magani a ɗakin duhu kake so.

Akwai abu guda da takarda da fim ɗin asibiti suka yi tarayya a kai, wanda ya shafe mu fiye da Turawan da ke yaba su. Duka biyun makafi ne ga ja. Jar dara za ta fito baƙa, katangar jar ƙasa ta yi duhu, sararin sama ya zama fari fes ba gajimare. Fatar mutum ma, da yake akwai ja a cikin launinta, takan fito da duhu fiye da yadda ido ke gani, har kamannin fuska su nutse in ba a ƙara haske ba. Wanda burinsa hoton kakarsa a zaune bakin ɗaki, ya fi masa ya tara kuɗin FP4.

Batun girma kuwa gajere ne. Falle mai inci 8 da 10 ninki huɗu ne na 4 da 5 a faɗi, kusan haka kuma a kuɗi. Daɗinsa, kana kifa dodon a kan takarda ka danne da gilashi ka sami hoton da ya isa ratayewa, ba ka buƙatar na'urar faɗaɗawa. In da fim ɗin asibiti ne, je ka 8 da 10 kai tsaye. In na Turai ne, tsaya a 4 da 5 har hannunka ya faɗa.

Yanzu ajiya, inda shawarar mutanen ƙasashen sanyi ke bukatar gyara kafin ta yi mana aiki. Su cewa suke a jefa a firiza a manta. Kodak na cewa fim mai launi a ajiye shi ƙasa da digiri 13, na dogon zango kuma a firiza wajen digiri 18 ƙasa da sifili. Ilford na son wuri busasshe tsakanin digiri 10 da 20. Mu kuwa a watan Afrilu, Kano da Sakkwato da Yamai zafi na haura 40, kuma abin dariya, ranar masu hoton hudar allura ta duniya, wadda ake yi Lahadin ƙarshe ta Afrilu tun 2001, a tsakiyar wannan bazarar take faɗowa. Zafi na sa maganin fim ya riƙa nuna da kansa a hankali, sai hazo ya lulluɓe dodon, sauri ya ragu.

Firiza na da kyau in wuta tsayayyiya ce. Inda ake kawowa ana ɗaukewa, ba sauyin sanyin ne ke kashe fim ba, ruwa ne. Ƙanƙara ta narke ta jiƙa kwali, ko raɓa ta kwanta a kan falle, maganin ya kumbura, fallaye su manne da juna. Na taɓa yin asarar rabin kwali a haka, bayan kwana uku ba wuta, na tarar da shi yana iyo tare da ledar nama. Tun daga ranar ba na sa fim a sanyi sai a cikin leda mai zif biyu, da ƙunshin ƙwayoyin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, sannan duka a cikin robar abinci mai murfi mai kamawa. Kwalin da ba a fasa ba, firiza. Wanda aka fasa, firji ya ishe shi. Kuma in ka fito da shi kada ka buɗe, bar shi awa uku ya sha iskar ɗaki, a damina ma gara ya kwana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ba shi da firji fa? Kada ya fasa. Fim baƙi da fari mai saurin 100 yana da juriya, wata shida ko shekara a ɗaki mai sanyi ba za su kashe shi ba. Nemi ɗakin ƙasa mai kaurin bango, ka ajiye robar a ƙasa can ƙurya, nesa da rufin kwano. Kusa da randa akwai sanyi, amma akwai laima, don haka sai robar na rufuwa ruf. Abin da ya fi duk wannan shi ne ka sayi kaɗan. Kwalin Ilford mai falle 25 da za ka cinye kafin bazara ta zagayo ya fi mai 100 da zai shekara uku yana gasuwa, ko da na biyun ya fi sauƙi a lissafin falle. Mai saurin 400 ya fi saurin tsufa, ko a firiza ma, don akwai wani haske na sararin samaniya da ke ratsa komai, wanda sanyi ba ya tarewa. Kada a bar fim cikin mota ko na awa ɗaya. Hoton da aka ɗauka kuma a wanke shi da wuri.

Hunturu na da nasa sharrin. Ƙura ɗaya a kan falle kafin ɗauka ta zama baƙin ɗigo a sararin sama har abada. Bushewar iska kuma na tara lantarki a jikin roba, in ka fizgi murfin gidan fim da ƙarfi sai tartsatsi ya bar zane kamar walƙiya a dodon. Ja a hankali, ka ajiye kowane gidan fim cikin ledarsa.

In wani zai taho maka da fim daga waje, kada ya sa a jakar da ake aunawa, na'urar haska manyan kaya tana lalata shi. Sababbin na'urorin CT na jakar hannu ma, Kodak da Ilford duk sun yi gargaɗin cewa wucewa ɗaya na iya yin ɓarna. A roƙi binciken hannu, kwalin kuma ya kasance da hatiminsa na kamfani, don ma'aikacin da bai san babban fim ba abin da zai fara cewa shi ne a buɗe ya gani.

To idan ɓarnar ta riga ta auku, ko ka tsinci tsohon kwali a shagon wani mai hoto da ya rufe? Kada ka zubar, kada kuma ka kai shi wurin hoton da ba za a maimaita ba. Cire falle ɗaya a duhu ka raba biyu. Rabi ka sa shi a fiksa (ruwan maganin ƙarshe da ke wanke abin da haske bai taɓa ba) kai tsaye, rabi ka wanke shi cikakken wanki ba tare da ya ga haske ba. Kara su a taga. In bambancin ɗan toka-toka ne, fim na da rai. Daga nan ɗura wani falle, ka fuskanci bango mai haske bai-ɗaya, ka riƙa zare murfin gidan fim inci-inci kana ba kowane zango ƙarin lokaci. Falle ɗaya zai nuna maka saurin da ya rage masa. Abin da aka saba faɗa shi ne a ninka haske sau ɗaya ga kowace shekara 10 da fim ya wuce wa'adinsa, amma wannan lissafin ɗakin Turai ne. Wanda ya yi bazara goma a ƙarƙashin kwano zai nemi fiye da haka. Ba shi haske a wadace, ka rage lokacin wanki kaɗan, ka sanyaya ruwan zuwa digiri 20 da ƙanƙara ko ruwan randa. Ruwan wanki na HC-110 an san shi da rage hazo, 'yar benzotriazole, sinadarin da ake ɗiga wa ruwan wanki, ma na yin haka, sai dai tana ƙara cin sauri. Hazo in ya kwanta bai-ɗaya, ana bugawa ta cikinsa lafiya lau. Wanda ya yi dabbare-dabbare ne ba magani.

Kwalin da yaro ya buɗe a haske ma ba lallai ya mutu duka ba. Babban fim na zuwa cikin kwali mai ninki uku, a ciki kuma akwai baƙar leda. In ledar ba ta buɗu ba, ba abin da ya faru. In ta buɗu, na sama da na ƙasa sun tafi, amma na tsakiya sun kare juna, gefuna kawai haske ya lasa. Gwada ɗaya daga tsakiyar. Idan 8 da 10 ne mai baƙin gefe, yanke cibiyarsa ka fitar da 5 da 7, ko 4 da 5 guda biyu.

Wanda ya manne saboda danshi, in an ɗauki hoto a kansa, jiƙa shi a ruwan sanyi har ya saki da kansa, ka wanke nan take. In ba a ɗauka ba, tabon mannewar zai fito a kowane hoto. Funfuna kuwa cin maganin take yi, inda ta ci ya ciwu. Kwalin da ya rasa suna, lalubi kusurwar falle, akwai 'yan tsage-tsage da kowane kamfani ke yi don a gane nau'in fim a duhu. Su ne kuma ke nuna fuska: riƙe falle a tsaye, in tsagar na gefen sama ta hannun dama, maganin na kallonka. Fim ɗin asibiti ba shi da tsaga, tunda ko ta ina fuska ce.

Wanda ya mutu murus shi ma kada a yar. Ware falle biyu, ka zauna da su da rana ido buɗe kana zura su gidan fim kana zarewa, sannan ka rufe ido ka maimaita, har yatsunka su haddace hanyar. Sauran ka tsoma su a fiksa su zama garau, ka samu ma'aunin yanka da abin raba dodanni a cikin ambulan.